Sabon Inji a Tsohuwar Mota: Dashen Inji a Karkarar Arewacin Kano

GABATARWA

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata dabara wadda ta daɗe da zama ruwan dare a garejin kanikawa, amma ba a cika tsayawa a dube ta da idon basira ba, watau cire injin da aka ƙera mota da shi a ɗora mata wani dabam wanda ya fi shi ƙuruciya, ko ƙarfi, ko tsimin mai. A ƙasashen Turai da Amurka galibi akan yi wannan aiki ne a kan tsofaffin motocin tsere da na ƙawa, saboda sha'awa. A karkarar arewacin Jihar Kano kuwa, kamar ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir, akan yi shi ne a kan motocin da ke ɗaukar mutane da amfanin gona zuwa kasuwa, saboda larura. Dalilan sun sha bamban, amma hukuncin ƙarfe da zafi da nauyi ɗaya ne ko'ina, don haka abin da aka koya a can yana da amfani a nan.

A cikin wannan bayani za a kira aikin da sunan dashen inji, ko da yake wanda ya san aikin lambu zai ga ya fi kama da auren mangwaro, inda ake yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi da gindin wani mai juriya. Mai lambu ya san auren ba ya kamawa sai reshe da gindi sun dace da juna. Haka abin yake ga mota. Jiki ɗaya ce, an kuma auna kowace gaɓa tata daidai da ƙarfin injin da aka ƙera ta da shi. Saboda haka duk wanda ya sauya inji ya ɗaukar wa kansa alhakin sake auna sauran gaɓoɓin, tun ba ma birki ba. Idan aka yi sakaci da wannan, abin da ke shiga haɗari shi ne jarin mai mota da rayukan fasinja.

ƘASAR DA MOTOCINTA

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kanta tun a shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya nuna cewa gonaki a nan ba sa hutawa, ana noma su kowace damina, kuma abin da ke riƙe da ƙarfinsu shi ne taki. A wancan zamani jakai ne ke fito da takin daga birni da rani, su koma da itace da hatsi. Ma'anar wannan ita ce, noma a irin wannan ƙasa ba ya rabuwa da sufuri: sai an kawo wa gona abin da za ta ci, sai kuma an kai abin da ta haifa inda za a saya.

Da tafiya ta yi tafiya, mota ta karɓi mafi yawan aikin jaki. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi sukan bi hanya zuwa kasuwannin mako-mako, irin ta Ɗambatta mai ci ranar Lahadi, daga nan su wuce babbar kasuwar hatsi ta Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa. Tumatir da albasa na noman rani, daga madatsar ruwa ta Tomas da ta Watari a Bagwai, ba sa jiran jinkiri ko na kwana biyu. Motar da ta lalace da kwandunan tumatir a bayanta hasara ce ga gidaje da yawa lokaci ɗaya.

Motocin da suka ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru sanannu ne. Akwai Fijo 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, da ƙanwarta 504 wadda ta fito a 1968, musamman masu buɗaɗɗen baya da ake kira akori-kura, da kuma masu dogon jiki na ɗaukar fasinja. Akwai Land Rover, da manyan motoci masu bodin katako irin su Bedford da Marsandi 911. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, 504 ta zama motar manyan ma'aikatan hukuma. A Faransa an daina ƙera ta a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Rayuwar irin wannan mota takan bi tafarki guda: ta fara a ofis, a yi gwanjonta, ta shiga haya tsakanin manyan garuruwa, sa'an nan ta ƙarasa kwanakinta a hanyoyin ƙauye, inda tsayin ƙafarta da ƙwarin ƙashinta suka fi amfani.

ABIN DA YA KAWO DASHEN INJI

A ƙasa mai ƙarancin laima kamar Kano, tsatsa ba ta cin jikin mota da sauri kamar yadda take yi a bakin teku, ko a Turai inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Ƙura da zafi da lodi mai yawa kuwa suna cin inji. Don haka sau da yawa inji kan riga jiki mutuwa. Akan yi masa garambawul, a sauya zobban fistin, a kai karanshaf a goge, amma kowace guga tana rage ƙarfe, har a kai matsayin da babu sauran abin gogewa. A nan ne mai mota kan tsaya tsakanin zaɓi biyu: ya sayar da ita ga 'yan gwangwan, ko ya nemo mata wani inji.

Tattalin arziki ne ya rinjayar da mutane ga zaɓi na biyu. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja, kuma matsakaicin ma'aikaci yana iya karɓar rance ya sayi sabuwar mota. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, masana'antun harhaɗa motoci na ƙasar suka ja baya, kasuwar kayan da aka yi amfani da su a Turai ta buɗe. Waɗannan su ne ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, saboda tashoshin jiragen ruwan da suke biyowa. A Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama matattarar injuna da giyabos da sauran kayan gyara, kuma can kanikawan garuruwan arewa ke zuwa cefane.

Sai kuma farashin mai. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Daga nan tsimin mai ya zama babban dalilin da ke sa a ƙyamaci tsohon inji mai kafireta, ko da bai mutu ba, a yi sha'awar na zamani mai injekta.

DARASI DAGA MOTOCIN TSERE

Kafin a shiga bayanin yadda aikin yake, yana da kyau a dubi misalin da ya fi shahara a tarihin dashen inji, domin ya ƙunshi darasin gaba ɗaya. Wani ƙaramin kamfani a Ingila mai suna AC yana ƙera wata motar tsere marar nauyi, Ace, da inji mai silinda 6 na lita 2 daga kamfanin Bristol. Da Bristol ya daina yin wannan inji a 1961, sai wani tsohon direban tsere Ba'amurke, Carroll Shelby, ya ba da shawarar a ɗora mata injin Ford mai silinda 8. Haka aka haifi motar da ake kira Cobra a 1962, da inji na lita 4.3, daga baya 4.7. Tun da farko sai da aka sa mata aksul na baya wanda ya fi ƙarfi, ba a daɗe ba kuma aka sauya tsarin sitiyarinta. Da aka zo ɗora inji na lita 7 a 1965, sai da aka sake ƙashin motar kacokan, aka yi shi da bututun ƙarfe masu kauri, aka sauya sifirin, aka faɗaɗa jiki domin manyan tayoyi. Watau injin ne ya yi ta jan sauran gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, har sai da motar ta zama wata dabam.

Ita kanta Fijo 504 tana da nata tarihin tsere. Ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, a 1978 kuma 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda aka ɗora wa inji mai silinda 6, ta sake lashewa. Saboda haka tsohuwar motar da ke jigilar buhuna a hanyar Kunchi jininsu ɗaya da motocin da masu sha'awa ke adanawa a Turai.

A wajen waɗannan masu sha'awa, gardamar da ake yi ita ce ta asali. Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka kiyaye ta a kan siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A 2019 ƙungiyar ta bayyana cewa motar da aka cire wa inji aka mayar ta lantarki ta fita daga wannan rukuni. Shekara biyu kafin haka, a 2017, kamfanin Jaguar ya nuna tsohuwar motarsa E-Type, wadda ta fara fitowa a 1961, an sa mata injin lantarki. Abin lura shi ne, an yi batirin daidai da girman tsohon inji da kusan nauyinsa, aka kuma ajiye shi a mazauninsa, domin kada tafiyar motar ta sauya, kuma domin a iya mayar da tsohon idan an so.

Bisa ma'aunin FIVA, akori-kurar kasuwa ba za ta taɓa zama motar tarihi ba, tun da aiki take yi kullum. 'Yan'uwanta na kusa suna ƙasar Kuba, inda takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba tun farkon shekarun 1960 ya sa aka ci gaba da haya da motocin Amurka na shekarun 1950, da yawansu an ɗora musu injunan dizal na wasu ƙasashe. A Kuba da Kano, rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki.

MATAKAN DASHE

Ana iya kasa dashen inji kashi uku, gwargwadon nisan da ke tsakanin motar da injin da za a ɗora mata. Na farko shi ne a maye gurbin inji da irinsa sak, wanda bai gaji ba. Wannan gyara ne kawai, ba ya taɓa ma'aunin komai. Na biyu shi ne a ɗauko daga dangi, alal misali injin Fijo 505 mai lita 2 a cikin 504, tun da asalinsu ɗaya ne, mazauninsu da bakin giyabos ɗinsu sun dace ko sun kusa dacewa. Na uku shi ne a ɗauko daga wani gida dabam, kamar injin Toyota ko Nissan a cikin Fijo ko Land Rover, ko a sauya daga fetur zuwa dizal. A wannan mataki na uku ne gwanintar bakanike da mai walda da mai aikin waya ke bayyana, a nan ne kuma ake samun haɗin gambiza idan an yi ganganci.

Tambayar farko a mataki na uku ita ce yadda inji yake zama. Fijo 404 da 504 da Land Rover injinsu a miƙe yake, daga gaba zuwa baya, yana tura ƙarfi ta farfela zuwa ƙafafun baya. Yawancin ƙananan motocin zamani kuwa, irin su Golf da Fijo 406, injinsu a gicciye yake, yana jan ƙafafun gaba. Injin da aka ƙera domin zaman gicciye yana da wuyar miƙewa, domin kaskon baƙin mansa da bututun ruwansa da na hayaƙinsa duk suna fuskantar inda bai dace ba. Shi ya sa injunan motoci irin su Hilux da Hiace, waɗanda su ma a miƙe suke, suka fi sauƙin dasawa.

GAƁOƁIN DA SABON INJI KE TAƁAWA

Gaɓa ta farko ita ce mazaunin inji. Wajibi ne inji da giyabos da farfela su zauna a kan layin da ya dace. Idan mai walda ya kauce ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa karkarwa, gaɓoɓin farfela su riƙa cinyewa da wuri. Haka kuma waldar da aka yi wa ƙashin mota ba tare da ƙarin faranti ba takan tsage a kan hanya mai gargada, domin ƙarfen da wuta ta taɓa yakan yi rauni a gefen ɗinkin.

Ta biyu ita ce giya da aksul na baya. Kowane inji yana da iyakar juyin da ya fi jin daɗin aiki a kai. Injin fetur na irin waɗannan motoci yakan kai juyi 5,500 ko fiye a minti ɗaya, na dizal kuwa yakan tsaya wajen 4,500, amma ya fi ƙarfin murɗa tun yana juyi kaɗan. Idan aka ɗora dizal aka bar tsohon aksul, motar za ta yi ta kururuwa a kan kwalta ba tare da gudun kirki ba, tsimin man da aka yi dashen dominsa ya tafi a banza. Ƙarfin murɗar nan kuma shi ne ke ƙona kuloci, ya kakkarya haƙoran giyar da ba a yi su dominsa ba. Saboda haka ya fi dacewa a sayi inji tare da giyabos ɗinsa, sa'an nan a gyara tsawon farfela a wajen masu injin gyaran ƙarfe, a daidaita nauyinta.

Ta uku ita ce sanyaya inji. Daga ƙarfin da ke cikin litar mai, abin da ke zama tafiya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma sai lagireto ya kwashe shi. Inji mafi ƙarfi zafinsa ya fi yawa, a ƙasar da zafin bazara ke kai digiri 40 a watan Afrilu, motar kuma tana tafiya a hankali cikin yashi da lodi, iska ba ta ratsa lagireto sosai. Tsohon lagireto wanda rabin hanyoyinsa suka toshe ba zai iya ba. Bugu da ƙari, injunan zamani da yawa kansu na alminiyam ne, wanda zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, ba kamar tsohon ƙarfe mai haƙuri ba.

Ta huɗu ita ce nauyi. Injin dizal ya fi na fetur nauyi, yana kuma bukatar babban batir. Wannan ƙarin yana sauka ne a kan ƙafafun gaba, sifirin ya durƙushe, sitiyari ya yi tauri, kaskon baƙin mai ya matso kusa da ƙasa, inda dutse ko kututture ke jiransa a hanyar gona.

Ta biyar, wadda ta fi duka muhimmanci, ita ce birki. Ƙa'idar kimiyya ita ce, ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Idan gudu ya tashi daga kilomita 60 zuwa 120 a sa'a, aikin birki ya ninka huɗu. Idan ya tashi daga 80 zuwa 120, ya ninka biyu da kwata. Ƙarin lodi kuma yana ƙara nasa. Tsohon inji da ya gaji yakan zama wa direba takunkumi ba tare da ya sani ba, domin ba ya barin motar ta kai gudun da birkinta zai kasa. Ranar da aka ɗora sabo, takunkumin ya fita, alhali birkin na jiya ne, tayoyin ma na jiya ne. Hanyoyin wannan ƙasa kuwa cike suke da amalanken shanu da babura da yara masu kiwo, ƙauyuka kuma a jere suke a bakin titi.

Akwai wani tarko na musamman ga mai komawa dizal. A motar fetur, tulun da ke taimakon ƙafar direba wajen taka birki yana samun ƙarfinsa ne daga zuƙar iskar da inji ke yi. Injin dizal ba ya yin irin wannan zuƙa, sai an haɗa masa ɗan famfo na musamman. Idan aka sayi inji babu famfon, ko aka manta ba a haɗa bututunsa ba, birki zai yi tauri kamar dutse, motar ba za ta tsaya a inda direba ya saba ba.

INJIN ZAMANI DA BAKANIKEN ƘAUYE

Tsohon injin Fijo mai kafireta da kwantak abu ne da ake gyarawa da sifana da sukundireba da kunne. Na zamani kuwa wata 'yar kwamfuta ce ke sarrafa shi, wadda kanikawa ke kira birenbos. Ita ce ke auna iska da zafi da juyi, ta yanke yawan man da za a fesa. Daga nan tsiminsa ya fito, daga nan kuma wahalarsa ta fito. Injin da aka saya babu birenbos ɗinsa da wayoyinsa rabin inji ne. Daɗin daɗawa, motocin Turai tun daga ƙarshen shekarun 1990 suna zuwa da na'urar hana sata, wadda ba ta barin inji ya tashi sai ta gane makullinsa. Har ila yau injekta tana bukatar famfon mai wanda matsinsa ya ninka na kafireta kusan sau goma, don haka tsofaffin robobin mai ba su da aminci, fashewar ɗaya a kusa da salansa gobara ce.

Wasu al'adun gareji da ba su cika yin illa ga tsohon inji ba suna cutar da sabo. Akan cire tamostat, watau ɗan murfin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyi ba tsayawa, wai domin ƙasar zafi ce. A injin zamani, idan ruwa bai kai zafin da aka ƙayyade ba, kwamfutar takan ɗauka har yanzu inji a sanyaye yake, ta ci gaba da ƙara mai. Garin neman gira sai a rasa ido. Haka nan man da aka saya a galan wajen 'yan bumburutu, idan da ruwa ko datti a cikinsa, kafireta kan jure, a wanke ta a bakin hanya, amma injekta toshewa take yi. Ƙurar hunturu ma tana bukatar matacin iska mai kyau wanda ya rufu ruf.

Saboda haka akwai tambayoyi biyu da suka kamaci mai mota kafin ya zaɓi inji: shin akwai kayan gyaransa a kusa, kuma shin akwai wanda ya iya gyaransa tsakanin ƙauyensa da kasuwar da yake zuwa? Injin da sai an jawo motar zuwa Kano an sa mata na'urar bincike duk lokacin da ta yi tari, tsiminsa kan ƙare a kuɗin ja da kwanakin zaman banza. Wannan ne ya sa wani lokaci inji mai matsakaicin zamani, wanda kowane gareji ya san shi, ya fi wanda ya fi shi sabunta amfani. Bisa wannan ma'auni ne kuma ya kamata a dubi mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinsa a 2023: amfaninsa ga motar karkara ya rataya ne a kan kusancin wurin ɗura iskar, da kuma amfani da tulun da aka ƙera domin wannan matsi, ba wanda aka yi wa walda a bakin titi ba.

DOKA DA AMANA

Kowane inji yana da lamba, kuma tana cikin takardun mota tare da lambar ƙashinta. Wanda ya sauya inji ya kamata ya karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar daga hannun mai sayarwa, ya kuma sanar da ofishin rajistar motoci domin a gyara takardu. Rashin yin haka yakan jefa mutumin kirki cikin zargin sayen kayan sata. A nan akwai aiki a kan ma'aikatan hukuma, musamman jami'an duba lafiyar motoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988, da hukumar KAROTA ta Jihar Kano. Duba lambar inji kaɗai bai wadatar ba. Motar da aka yi wa dashe na mataki na uku ta cancanci a gwada birkinta da sitiyarinta da hanyar manta kafin ta ɗauki fasinja. Idan kuwa aka tsawwala kuɗin gyaran takardu ko aka cika jeka-ka-dawo, mutane za su guje wa ofis, hukuma ta rasa sanin abin da ke yawo a kan titunanta.

Ta fuskar ciniki kuma, shari'ar Musulunci, wadda mutanen wannan ƙasa ke bi a mu'amalarsu, ta hana ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye damar mayar da ita idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dashen inji a kan kansa ba aibi ba ne, yana ma iya ƙara wa mota daraja. Amma mai saye yana da haƙƙin ya san wane inji ne a ciki, domin a kan wannan sani ne zai nemi kayan gyara, ya kuma san iyakar abin da zai ɗora mata.

KAMMALAWA

An ga cewa bushewar ƙasa ce ke sa jikin mota ya daɗe, karyewar naira da tsadar mai kuma suka sa neman wani inji ya fi sayen wata mota sauƙi. An kuma ga cewa tun daga Cobra ta 1962, darasin bai sauya ba: inji yana jan sauran gaɓoɓi. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan sana'a da muhimmancin da ta cancanta. Kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyar da sana'a suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa domin kanikawan garuruwa irin su Ɗambatta da Bichi, a kan aikin waya da injekta da lissafin giya da birki, a haɗa hannu da ƙungiyoyinsu da na direbobi. Ɗaliban harshe kuma suna da fage a buɗe na tattara kalmomin gareji da daidaita rubutunsu, domin a sami littattafan da yaron gareji zai karanta ya gane. Shi kuwa mai mota, idan zai yi kasafin dashe, ya ware kuɗin birki da lagireto da tayoyi tun kafin ya je Ƙofar Ruwa taya inji. Idan kuɗin ba su isa duka ba, gara ya sayi inji daidai da wanda ya cire, ya bar mafi ƙarfi sai ranar da hali ya samu.